Makullin Keken Mamani

Mamani taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka ina da damar in ba da labarinshi yadda na ga dama, in ya ji haushi ya sha ruwa. Sunana Abarci, ina gyaran kekuna da liƙin taya a bakin tasha, nan Dakoro. Kuma tun yanzu in gaya maku, cikin waɗanda sunka ɓata mashi rai a labarin ga har da ni, wataƙila ma ni ne babbansu.

Shekara ashirin da biyu Mamani yana aikin falanto, wato mai kai takardu, a wani buro, wato ofis, da ke kula da makarantun lakwal, na boko ke nan, na ƙauye. Keke gare shi baƙi, mai sanda, wanda ya girmi ɗiyarshi ta fari. Bisanshi yake kai takardu da alli da littattafai, daga nan har Birnin Lalle da ƙauyukan da ke bayanta. An sha ce mashi ya sayi moto, wato babur, kamar kowa, ya ce ƙafarshi ba ta shan esansi, wato fetur. Mutum ne siriri, mai taurin kai, wanda ko karatun sallah ba ya son a gyara mashi.

Yana da shekara arba'in da bakwai tansiyo, wato hawan jini, ta kada shi a tsakar gida, yana cikin alwala. Ɓarin hagu ya mutu, baki ya karkace. Mu huɗu munka ɗauke shi zuwa likita, wato asibiti. Wata huɗu yana kwance, matarshi Rahma na juya shi, tana ba shi kunu da cokali. Allah ya yi mashi rangwame, ya tashi. Cikin shekara guda ya aje sanda, in ba ka lura sosai ba ba ka ganin jan ƙafar. Majo, babban ma'aikacin jinya na likita, ya ce ya sha maganinshi kullum, ya rage gishiri, ya motsa jiki, shi ke nan.

To, ciwo ya sake shi, amma mu ba mu sake shi ba. Rahma ta ɗaure keken da sarƙa a ɗakin ajiya, ta ƙulle makullin a haɓar zanenta. A buro shef, wato shugabanshi, ya aje mashi benci a bakin ƙofa, ya ce ya zauna ya huta, aikinshi kawai ya ce wa baƙi su shiga. In ya miƙa hannu zai ɗauki buta, Rahma ta riga shi. In ya tashi zai ɗebi ruwa a randa, ta ce, “Zauna, Malam, ga shi nan tafe.” A masallaci ana matsa mashi wuri jikin bango. Ni kaina, da nike zaginshi tun muna yara ina ce mashi bawana, sai na koma ce mashi “Sannu, ya jiki?” Ranar da na fara faɗin haka ya dube ni kamar na tofa mashi miyau.

Shekara uku haka. Wallahi mutumin ya fi ramewa bisa bencin nan fiye da yadda ya rame a gadon likita.

Ɗiyarshi Hawa, wadda ke karatu a Maradi, ita ta jawo mamu abin. Ta zo bakans, wato hutun makaranta, ta nuna mashi a waya wani tsohon Bature da ya yi iyo, ya hau keke, ya yi gudu, duk rana guda, don murnar ranar haihuwarshi. Don dariya ta nuna mashi. Mamani bai yi dariya ba. Ya sa ta maimaita mashi har sau uku, sannan ya ce shi ma bana yake cika hamsin.

Wace rana? Takardarshi ta ce ɗaya ga Janairu, kamar tawa, kamar ta rabin mutanen garin ga da anka yi wa takarda ranar shiga lakwal. A Janairu kuwa ruwan da ke Dakoro sai na ƙasan rijiya. Sai ya je wurin uwarshi, Inna Mata, tsohuwa mai kaifin tunani. Ta ce an haife shi ran Asabar, shekarar da ruwa ya dawo bayan babban fari, lokacin da gero ya fara fitar da kai, tabkuna cike. Mamani ya ce madalla, Asabar ta farko da gero ya fitar da kai bana, ranarshi ke nan.

A gabana sunka yi rigimar da Rahma. Ta ce ko gawarta ba ta yarda ba. Ya tahi ya amso takardar majo, wanda ya auna shi har sau biyu ya ce ba laifi in ya bi a hankali. Shef ya ce in iyali sun yarda, in an koma lakwal zai maida mashi zagayenshi. Saura Rahma.

“Ara mani keken rana guda,” in ji Mamani. “In ƙetare tabki in dawo, in je Birnin Lalle in dawo, in yi gudun kilomet biyar har ƙofar gidan ga. In na gama ba hannun kowa a jikina, makulli nawa ne. In anka taimake ni ko da ɗan yatsa ne ban maimaita wurin da kaina ba, ko na kasa, ki ba Abarci keken ya wargaza shi, ba ki sake jin maganarshi a bakina.”

“Ka yarda da bakinka, Malam?”

“Na yarda.”

Ta yarda ne don ta tabbata ba zai iya ba. Ba ta san mutumin ya yi wata biyu yana zagaya filin wata lakwal da anka rufe don bakans, yana gudu bayan katanga inda ba mai ganinshi, yana kuma satar hawa wani tsohon keke nawa. Iyo kuwa tun muna yara ya fi kowa, a tabkin bayan gari munka koya, muna shan bulala a kanshi.

Ana gobe Asabar ɗin, Rahma ta same ni a rumfata. Ta ce, “Abarci, in ya nutse, kai na sani.” Na ce kar ta damu. Sai na yi abin da har yau nike jin kunyarshi. Na je wurin Agali, wani abokina makiyayi da ke shayar da shanunshi a tabkin, na ce gobe ya sa ido, akwai mai ciwo da zai shiga ruwa. Ban yi mashi bayanin komi ba, mai ciwo kawai na ce.

Rana na fitowa muna bakin tabki, shi da gajeren wando da singileti, ni da moto na aro. Nufinshi ya gama komi kafin rana ta take. Ya yi bismilla ya faɗa. Kai, jama'a! Na ga hannun hagun nan da munka yi wa kuka yana yanka ruwa, sai da tsikar jikina ta tashi. Ya taɓa wancan gefen, ya juyo. Da ya kusa isowa, saura kamar taki ashirin, gajiya ta kama shi, sai ya kwanta rigingine bisa ruwa don ya huta, yadda muke yi muna yara.

Agali bai taɓa ganin mai rai ya kwanta haka bisa ruwa ba. Abin da ya sani, dabbar da ta nutse ce ke tasowa ciki sama. Ya kwarma salati, ya faɗa ruwan da rawaninshi da komi, ruwa har wuya, shi da bai iya iyo ba, ya cafki singiletin Mamani ya jawo shi har tudu.

“Sake ni! Wa ya aike ka?” Mamani na tari yana ihu.

“Alhamdu lillahi, da ranshi!” in ji Agali, yana dubana yana murna. “Abarci, ka ga na sa ido kamar yadda ka ce.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Mamani ya juyo ya dube ni, bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Ya zauna har numfashinshi ya daidaita, ya ce, “An taɓa ni. Daga farko.” Na ce haba bawana, taki ashirin ne fa, ba wanda zai gaya wa Rahma. Ya ce shi zai gaya wa kanshi. Ya sake faɗawa, ya ƙetare, ya dawo, ni kuma ina riƙe da Agali da hannu biyu don kar ya sake bin shi.

Hantsi ya ɗaga kafin ya hau keke. Ni na yi wa keken gyara, sabuwar sarƙa, sabbin tayoyi, bai ba mu matsala ba ko kaɗan. Mutane ne matsalar.

Shekara uku ba a ga Mamani a hanyar nan ba. Ƙauyen farko, dattawa na zaune gindin bedi, wato dogon yaro, bakin hanya. Ko kai wane ne, ba ka wuce dattawa bisa keke. Ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

“Mamani! Ashe kana raye? Ya jiki? Ya iyali? Ya damana? Ya tsohuwa? Ina ka baro mu haka?”

Kowane tsoho sai ya yi tashi gaisuwar daga farko, su bakwai. Kafin a gama an kawo fura, kuma ba a ƙin furar maigari. Ƙauye na biyu haka, har da wata tsohuwa da ta biyo mu da ƙwan zabi cikin ƙwarya, ta ce na mai jiki ne. Ni na riƙa ɗaukar kayan. A na uku wani mushe, wato malamin lakwal, ya tare hanya yana son ba da labarin duk takardun da sunka ɓata tun da Mamani ya bar zagaye. Ina kallon agogo, ina kallon rana, raina na tafasa. Na ce, “Ka ɗaga masu hannu ka wuce mana!” Ya ce, “Kai ka iya?” Gaskiya ban iya ba.

A dawowa munka iske wani kwari da ruwan shekaranjiya ya cika da laka. Mamani ya sauka yana turin keke. Wani mai amalanke da ke wucewa ya diro, ko sallama bai gama ba ya ɗaga bayan keken ya fitar da shi, ya kuma kama Mamani a damtse ya haye da shi. Bawan Allah, taimako ya yi. Mamani ya yi mashi godiya, ya jira har ya yi nisa, sannan ya maida keken cikin lakar, daidai inda anka ɗaga shi, ya sake turowa shi kaɗai. Ina ganin ƙafar hagun ta fara ja.

Sai bayan azahar munka iso wata aduwa da ke kilomet biyar daga gidanshi. Nan ne mafarin gudu. Munka yi sallah, ya ɗaure keken a motona. Rana ta take, ga zufar damana mai danƙo. Na ce ya bari sai la'asar. Ya ce in ya zauna ƙafar za ta sandare, ba ta ƙara tashi. Ya sha ruwan gorarshi, ya kama gudu, irin na a hankali, yana jan hagu.

Abin da ba mu yi tunani ba, ni da shi, shi ne wannan: a ƙasar ga babban mutum mai furfura ba ya gudu don nishaɗi. In ka ga ya ruga, ko gobara ce, ko ɓarawo, ko mutuwa.

Na farko wani manomi ne da ke duba wakenshi. Ya ɗago ya ce, “Mamani, lafiya?” Mamani ba shi da numfashin amsawa, ya wuce. To, a tambaye ka lafiya ka yi shiru, ai ka riga ka ba da amsa. Mutumin ya yar da fartanya ya biyo shi. Na biyu ya ga mutum biyu na gudu, ya biyo. Ina bayansu bisa moto ina ihu, “Lafiya lau! Motsa jiki ne!” Wa zai saurare ni? Kowa ya san ni taubashinshi ne, bakina wasa. Wani ma ya zage ni tas, ya ce wane irin mara imani ne ni, ina bisa moto ɗan'uwana mai ciwo na gudu a ƙasa. Masu kabu-kabu biyu sunka sha gabanshi suna cewa ya hau, ya kauce masu, saura kaɗan ya faɗa kwata.

Kafin mu shigo gari mun fi mutum talatin. Waya kuma ta riga mu. Wani ya kira wani ya ce an ga Mamani ya nufi gida da gudu yana kuka, zufa ce fa, wancan ya ce to tsohuwa ce ta cika. Wasu sunka ce a'a, ciwon ne ya hau mashi kai. Mata na fitowa daga gidaje da mayafi suna salati. An gaya mani daga baya har tabarmi an fara shimfiɗawa a ƙofar gida, Inna Mata ta leƙo da sandarta ta ce wa ya rasu, anka rasa mai gaya mata ita ce.

Haushi ya ishe ni har na rasa wanda zan zaga. Ga mutum yana neman ya gama abu guda, guda tak, da ƙafarshi, gari duka ya taso da ƙaunarshi zai hana shi.

Saura kamar taki ɗari zuwa ƙofarshi, daidai rumfar mai nama, ƙafar hagu ta ƙi ɗagawa. Ya tuntsura, ya faɗi rubda ciki a cikin rairayi.

Jama'a sunka yi kanshi gaba ɗaya. Na yar da moto, keke da ƙwan zabi da komi, ina ƙoƙarin kutsawa, amma sun yi mani yawa. Ina jin muryarshi can ƙasa, a shaƙe, “Kar ku taɓa ni, don Allah kar ku taɓa ni.” Ba mai ji. Wani ƙato har ya sunkuya ya miƙa hannu biyu. Na san in hannun nan ya sauka, an gama, don ba shi da sauran ƙarfin da zai sake kilomet biyar, kuma ba zai yi ƙarya ba.

“Kai! Janye hannunka!”

Rahma ce. Ta fito ba takalmi, da taɓarya a hannu, don daka take yi lokacin da ihu ya iso ta. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya a waje ba. Ta ratsa maza ta tsaya a kan mijinta, ta gitta taɓaryar.

“Duk wanda ya taɓa shi, wallahi sai na karya mashi hannu. Ku ja baya!”

Wani dattijo, Malam Sha'ibu maƙwabcinsu, ya ce, “Haba Rahma, mijinki ne fa a ƙasa. Mutum ya faɗi a bar shi kwance? Ina anka taɓa haka?”

“Na gan shi, Baba. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya haukace. Ku ba shi wuri.”

Ku tuna fa, ita ce za ta ci riba in an ɗaga shi. Ba sai ta yi komi ba, ta tsaya a ƙofa kawai, keke ya zama nawa, miji ya koma benci inda hankalinta ke kwance. Daga baya na tambaye ta mi ya sa. Ta ce da ta iso ya ɗago ya dube ta, kuma ko ranar da ciwo ya kada shi ba ta ga tsoro irin wannan a idonshi ba.

Anka ja baya, anka yi da'ira. Ban taɓa ganin abu mai wuyar kallo irin wannan ba: mutum hamsin tsaye, hannuwa na ƙaiƙayi, ɗan'uwansu na fama a ƙasa. Ya dafa hannun dama, ya zame. Ya sake. Ya kai gwiwa guda, ya tsaya yana haki, rairayi manne a gemunshi. Rahma na tsaye, hawaye na zuba, amma ba ta sunkuya ba. Ya kama ƙafar hagun da hannunshi ya girka ta, ya miƙe.

Abin da ya yi daga nan ba zan kira shi gudu ba, ko ɗan rarrafe zai iya cim mashi. Amma ya ɗaga gwiwar hannu irin ta masu gudu, ya bi ta tsakiyar mutane, ya taka tabarmin zaman makokin uwarshi, ya dafa ƙyauren gidanshi. Inna Mata na zaune a zaure. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Asabar ɗin ce kuwa. Ranar ma haka ka wahalar da ni.”

Da mutane sunka watse, wasu na dariya wasu na tsaki, na shigo da keken tsakar gida. Ƙwan zabi ko ɗaya bai tsira ba. Mamani na zaune jikin bango, ƙafafu miƙe, gwiwa na jini. Na ce, “Kai dai bawana, ka ja mani zagin da ban taɓa sha ba.” Ya yi murmushi, na farko da ya yi mani cikin shekara uku.

Sannan ya ce, cikin muryar da ya saba, “Rahma, ruwa.”

Ta taso har ta ɗauki moɗa, sai ta tsaya. Ta aje ta. Ta kwance haɓar zanenta, ta ciro makullin, ta ɗora shi bisa faifan da ke rufe da randa, can ƙarshen tsakar gida.

“Ruwa na cikin randa, Malam,” ta ce. “Tashi ka ɗiba.”

Ya dubi makullin. Sannan ya dafa bango ya fara miƙewa, ni kuma na cusa hannuwana biyu cikin aljihu.